Ƙwallon Kwando: Yadda Koci Zai Cusa wa Yara Zafin Nema Ba Tare da Ya Raba Kansu Ba

Shekarar da na fara riƙe yara a filin simintin unguwarmu, a zatona aikin koci ihu ne. "Ku yi zuciya! Ku tashi tsaye!" Kafin wata biyu muryata ta dishe, yaran kuwa suna nan yadda na same su. In an ci mu su yi ta dariya a hanyar gida, in mun ci su kama rigima a kan wanda ya fi zura ƙwallo. Wasu faɗuwa ba ta dame su ba, wasu ta dame su amma don kansu kaɗai. Abin da ya gyara min su littafin rubutu ne da biro. Yaro yana bin abin da ya ga ana ƙirgawa. In ƙwallon da aka zura kaɗai kake ƙirgawa, 'yan son kai za ka tara. In kana ƙirga wahalar da mutum ya sha saboda ɗan'uwansa, kishin da ke tsakaninsu shi zai ɗinke su.

Kayan da za ka tanada

Ƙwallo aƙalla 4 ga yara 12. Lamba 7 ta manyan maza ce, lamba 6 ta mata, lamba 5 ta ƙananan yara. A kan siminti ka sayi ta roba, ta fata ba ta kai wata ta kwailaye. In ƙwallo 2 ke gare ka ma aiki zai yiwu, sai dai ka riƙa raba yaran gida biyu, wasu na wasa, wasu na aikin ƙafa ba ƙwallo.

Famfo da allurarsa. Allura ta fi komai ɓata, ka ajiye 2.

Usur, da agogo. Na waya ya wadatar.

Riguna kala biyu. In babu, ka shiga Kofar Wambai ko kasuwar gwanjon garinku ka ɗebo singileti ja guda 6. In hakan ma ya gagara, ƙyalle ake yagawa a ɗaura a damtse.

Alli ko fenti na zana layi. Cikakken fili tsawonsa mita 28 ne, faɗinsa 15, bakin kwando kuma mita 3.05 daga ƙasa. Amma kusan duk abin da zan faɗa ana yin sa a rabin fili da kwando ɗaya.

Jarkar ruwa da kofuna, da ɗan akwati mai bandeji, filasta da maganin wanke ciwo.

Littafi mai kauri da biro, sai kwali ko allo da za ka liƙa sakamako. Wannan shi ne uwa uba. Ka nemi mutum ɗaya da zai riƙe littafin: yaron da ya ji ciwo, ko ƙanin wani da ke zuwa kallo. Kai ba za ka iya koyarwa da rubutu lokaci guda ba, na gwada.

Mataki na 1: Ka san wanda kake riƙe da shi

Kafin a taɓa ƙwallo, a makon farko ka zauna da kowane yaro shi kaɗai, minti 5 ma ya isa. Daga ina yake zuwa, a ƙafa ko a mota? Ƙarfe nawa ake tashi daga Islamiyya? Yana jiran shago? A gida an san yana zuwa nan? Ka rubuta. Akwai yaron da na yi ta wa faɗa a kan sanyin jiki, ashe daga wajen koyon walda yake tahowa a ƙafa, bai ci komai ba tun safe. Tun daga ranar ban sake kiran yaro malalaci ba sai na san abin da ya ci.

Sannan ka je ka gaida iyaye. Ka faɗa musu ranaku da lokaci, ka yi alkawarin za a tashi kafin magariba, kuma ka cika. In 'yan mata kake koyarwa wannan ziyarar ita ce rabin aikin. Ka tafi da wata malama da aka sani, ka yi bayanin kayan da za a sa. Tun 2017 FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ta halatta wasa da kai a rufe, don haka babu mai tilasta wa yarinya cire ɗankwali ko hijabin wasa.

Mataki na 2: Doka 3, kuma daga bakinsu

Ka tara su a tsakiyar fili su zauna, ka tambaye su: "Wane hali ne in abokin wasanka ya yi maka yake ƙona maka rai?" Da farko za su yi shiru. Ka jira. Wani zai ce makara, wani zai ce rowar ƙwallo, wani zai ce zagi in mutum ya ɓarar. Daga cikin abin da suka faɗa ka tsamo 3. Namu su ne: a zo kan lokaci, kowa ya koma tsaron gida da gudu, ba a zagin ɗan'uwa. Su faɗi hukuncin kowace doka da bakinsu, a rubuta a shafin farko, kowa ya sa hannu, har da kai.

Kuskuren sabon koci shi ne ya zo da doka 20 da ya kwafo a intanet. Ba zai iya tsare su ba, kuma ranar da yara suka ga an karya ɗaya ba a yi komai ba, sauran 19 sun mutu. Kuskure na biyu ya fi muni: kai ka makara. In an ce ƙarfe 4:30 bayan la'asar, 4:15 ta same ka kana share fili.

John Wooden, wanda ya ci kofin jami'o'in Amurka sau 10 yana kocin jami'ar UCLA tsakanin 1964 da 1975, a ranar farko yakan koya wa 'yan wasansa yadda ake sa safa da ɗaure takalmi don kada ƙafa ta yi bororo. Manyan samari yake koya wa wannan. To kai ma kada ka ji kunyar farawa daga ƙasa, tun ba ma ga yaran da ke wasa da takalmin gwanjo a kan siminti mai zafi ba.

Mataki na 3: Kada a yi komai ba tare da mai ci da wanda aka ci ba

Mafi yawan atisayen da nake gani a filayenmu layi ne. Yara 15 sun jeru, ɗaya ya ruga ya jefa, ya koma baya ya yi minti 2 yana hira. Wannan ba ya haifar da zuciya. Duk abin da za ka koyar, bayan ka nuna shi sun maimaita a hankali, ka mayar da shi gasa mai adadi da lokaci.

Jifa daga ƙarƙashin kwando: gida biyu, wa zai fara cika 20. Jifan kyauta, wato wanda ake yi daga layi ba mai tare ka: kowa ya jefa 2 bayan ya gama gudu yana haki, don haka yake zuwa a wasa, in gida ya kasa cin 7 cikin 10 ya sake. Ɗaya da ɗaya: mai kai hari bugu 3 kawai yake da shi a ƙasa, wanda ya ci ya tsaya, wanda aka ci ya fita.

Amma uwar gasa ita ce uku da uku a rabin fili. A biyar da biyar yaro zai iya ɓuya a kwana ya yini bai taɓa ƙwallo ba. A uku da uku babu maɓoya. Ka yi gajerun wasanni, wanda ya fara kai 5 ya ci, ko minti 3 a agogo. Gajeren wasa yana sa kowane jifa ya yi nauyi, kuma wanda aka ci ba ya daɗewa bai sami damar ramawa ba.

Akwai juyin da na fi so, muna kiransa "tsare gida". Maki ba ya samuwa sai ga masu tsaro. In kun hana a ci ku, kuka kuma cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando, kun sami 1 kuma kuna nan a tsaro. In an ci ku, kun fita, waɗanda suka ci su shiga tsaron. Cikin mako 2 za ka ga yaran da a da suke ganin tsaro aikin bayi ne suna rigima a kan wa zai tsare wa.

Wanda aka ci ya biya, amma kaɗan: gudu zuwa ƙarshen fili a dawo sau ɗaya, ko tattara ƙwallaye, ko ɗebo ruwa. Abin da ake so ya ji ɗacin faɗuwa, ya wuce cikin daƙiƙa 30, a koma wasa. Kada ka taɓa yin horo da hana ruwa, kada ka sa tsallen kwaɗo, kada ka ɗaga hannu a kan ɗan mutane. A zafin Maris da Afrilu kuwa, duk minti 15 a sha ruwa, ko sun ce ba sa jin ƙishi.

Mataki na 4: Littafin maki

Nan ne aikin yake, don haka zan daɗe a kai.

Ka ja layi a shafi, sunaye a hagu, a sama kuma abubuwan da za a ƙirga. Ga nawa:

Gidanku ya ci wasa, kowa a gidan yana da 1.
Ka miƙa ƙwallo aka ci da ita, 1.
Ka cafke wadda ta dawo daga kwando, abin da yara ke kira ribawun, 1. In a kwandon abokan hamayya ne, 2.
Ka taɓa ƙwallon abokin hamayya ta kauce, ko ba ka ƙwace ba, 1.
Ka tsaya daram mai kai hari ya banke ka aka busa masa laifi, 2.
Ka tsaya kana wa alƙali ko ɗan'uwanka ƙorafi ba ka koma tsaro ba, a cire 2.

Ka lura babu gurbin yawan ƙwallon da mutum ya zura. Da gangan ne. Wannan ba sai ka ƙirga ba, kowane yaro yana riƙe da nasa a ka, har da ƙari. A cikin wasa na minti 40, ɗan wasa ɗaya cikin 10 da ke fili ɗan lokaci kaɗan yake riƙe da ƙwallo. Sauran lokacin duk gudu ne, da tsaro, da buɗa wa wani hanya. Littafin nan wannan lokacin yake biya.

Duk ranar Asabar ka haɗa lissafi ka liƙa a kwali. Wanda ya zo na ɗaya ya sami wani abu da ido ke gani: shi zai fara zaɓen gida a mako mai zuwa, ko ya sa wata tsohuwar riga ta musamman da ke yawo daga mutum zuwa mutum. Kada ka sa kuɗi a ciki, yana ɓata yara kuma aljihunka ba zai jure ba.

Makon farko da na liƙa nawa, wani gajeren yaro ne ya zo na ɗaya, wanda da ƙyar yake zura ƙwallo 2 a yini. Gwanin namu, dogon da ake zuwa kallo saboda shi, ya zo na 9. Ya tsaya gaban kwalin ya daɗe yana bin sunaye da yatsa, ya juyo ya ce, "Koci, wannan lissafin akwai kuskure." Na miƙa masa littafin na ce ya duba. Ya buɗa shafi-shafi, ya ga inda aka yi ta cire masa 2 saboda tsayawa ƙorafi. Bai ce komai ba, ya ajiye. Ranar Litinin shi ya fara isa ƙarƙashin kwandonmu duk lokacin da aka ƙwace ƙwallo, yana leƙen mai littafi ko an gani.

Gargaɗi guda 3. Na farko, kowane mako a fara daga sifili, in ba haka ba na ƙasa zai fid da rai. Na biyu, ka riƙa yaba wanda ya fi kowa hawa, wanda ya tashi daga na 11 zuwa na 7, ko da bai kusa da sama ba. Na uku, in yaran ba su kai shekara 12 ba, kada ka liƙa sunaye daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Ka faɗi 3 na sama kawai, sauran ka nuna wa kowa nasa a keɓe. Kuma a kan siminti ban ba da maki don an yi sufa a kan ƙwallo, duk da ana yi a filayen katako. Fatar gwiwar yaro ta fi maki 2.

In ba ka da mai riƙe littafi, ka rage zuwa abu 2, cin wasa da ribawun, yara su faɗa da bakinsu bayan kowane zagaye. Za a ɗan yi ƙari, amma 'yan'uwansu ba za su bari ya yi yawa ba.

Mataki na 5: Ka cakuɗa su

In ka bar yara su zaɓi gida da kansu kullum, 'yan layi ɗaya za su haɗe, 'yan makaranta ɗaya su haɗe, manya su ware ƙanana. A garuruwanmu wani lokaci har rabuwar ta bi yare ko addini ba tare da kowa ya furta ba. Kai ne za ka hana. Kowace rana ka canza haɗi. Ka haɗa na ɗaya a littafi da na ƙarshe su biyu, ka ga yadda zai yi da su. Wani lokaci ka ba gida mai rauni maki 3 tun kafin a fara, don gwanaye su saba da biyo baya.

Kowane babba ka ɗaura masa ƙarami ɗaya. In ƙaramin bai zo ba, babban za a tambaya. In bai gane wani tsari ba, babban zai tsaya da shi minti 5 bayan an tashi. Kyaftin kuwa kada ka yi saurin naɗawa, kuma kada ka ba wanda ya fi iya wasa don kawai ya fi iyawa. Ka bari a yi wata guda, ka duba wanda ke naɗe raga da kwashe jarka ba a sa shi ba.

Mataki na 6: Ƙananan ɗabi'u da za a yi kullum

Dean Smith, tsohon kocin jami'ar North Carolina wanda Michael Jordan ya yi wasa a hannunsa, ya kafa wa 'yan wasansa al'ada: duk wanda ya ci, ya nuna wanda ya miƙo masa da yatsa, don 'yan kallo su san inda alherin ya fito. Na ara, ban kuma mayar ba. Na ƙara da waɗannan: in ɗan'uwa ya faɗi, mutum 2 mafi kusa su ruga su ɗaga shi. In an canji mutum, benci ya miƙe ya ba shi hannu. A tsaro kowa ya riƙa magana, "Nawa ne!", "Hagunka!", "Ina bayanka!" Yaranmu an tarbiyyantar da su da yin shiru gaban babba, don haka wannan na ƙarshen yana ɗaukar lokaci. Ni dai duk zagayen da aka yi shiru a tsaro, ko sun hana ci, ba na ƙirga shi.

Sai kuma cin abinci tare. Sau ɗaya a wata, ko ƙosai da kunu ne, ko rake aka sassara, a zauna a faranti ɗaya bayan atisaye. A watan azumi nakan rage atisaye ya koma jifa da tafiya a hankali cikin tsari kafin magariba, a sha ruwa tare, har da waɗanda ba sa azumi. Gasa mai zafi a bar ta sai bayan an ci an sha, in akwai fitila.

Mataki na 7: Ranar da gwaninka zai karya doka

Za ta zo, kuma ba za ta zo ranar atisaye ba, sai ranar babban wasa. Dogon nan nawa ya iso minti 20 bayan lokacin da aka sa, ranar da za mu kara da wata ƙungiya da ta saba cin mu. Dokar da suka rubuta da hannunsu ta ce wanda ya makara ba zai shiga zubin farko ba, wato minti 10. Duk yaran suka zuba min ido. Wani dattijo mai taimaka mana da kuɗin mota ya matso ya raɗa min, "Koci, a yi haƙuri yau dai." Na ce, "Alhaji, a gafarce ni, ba ni na sa dokar ba, su suka sa." Ya zauna a benci, aka tsere mana da maki 11 a zubin farko, muka yi ta biyo baya, a ƙarshe aka ci mu da 4. Na ji zafi har cikin raina, kuma akwai waɗanda suka yi mako ba su amsa gaisuwata da kyau ba. Amma har kakar ta ƙare ban sake buɗe baki a kan makara ba.

Yadda za ka yi shi ne: ka zartar da hukuncin da aka rubuta, kada ka ƙara, kada ka rage. Kada ka yi masa faɗa gaban jama'a, benci ya ishe shi. Da lokacin ya cika ka sa shi, ka nuna an wuce wurin. Washegari ka kira shi gefe ka ji dalili. In uzuri ne na gaske, rashin lafiya a gida ko aiken mahaifi, sai a gyara dokar gaban kowa: wanda ya aiko da saƙo kafin lokaci ba a kama shi da laifi.

Mataki na 8: Bayan an tashi wasa

In an ci ku, kada ka yi dogon jawabi a bakin fili. Rai a ɓace yake, abin da za ka faɗa ba zai shiga ba, kuma za ka faɗi abin da za ka yi nadama. A gaisa da abokan hamayya da alƙalai, a sha ruwa, a tafi gida. A atisaye na gaba ka zo da littafi, domin a ranar wasa ma ana rubutawa. Ka fara da kuskurenka kai, in akwai, kuma kusan kullum akwai. Sannan ka ɗauko abu 2 kacal da za a gyara, ka mayar da kowanne gasa irin ta mataki na 3.

In an yi muku cin kaca yara suka karaya, akwai labarin da nake ba su. A gasar Olamfik ta Landan a 2012 Amurka ta ci Najeriya 156 da 73. Bayan shekara 9, a watan Yulin 2021 a Las Vegas, Najeriya ta ci Amurka 90 da 87 a wasan sada zumunta. 'Yan mata kuma ina tuna musu D'Tigress, tawagar matan Najeriya, a Olamfik ta Faris a 2024 ƙarƙashin koci Rena Wakama, da suka doke Ostireliya 75 da 62, suka zama tawagar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen 'yan takwas a ƙwallon kwandon Olamfik. Masai Ujiri, wanda yake shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2019, a filayen Zariya ya fara wasa. Amma labari sau ɗaya ake ba da shi a kaka, in ya yi yawa ya zama tatsuniya.

In kun ci kuwa, nan ne ya fi kamata ka tsananta, don ranar ce kunne ke buɗe. Ka karanta sunan wanda ya fi kowa maki a littafi kafin ka ambaci wanda ya fi zura ƙwallo. Wanda bai shiga wasa ba ko minti ɗaya, ka same shi kafin ya hau mota, ka faɗa masa abu ɗaya takamaimai da in ya gyara zai shiga, ka rubuta a gefen sunansa, ranar Litinin kuma ka fara da shi.